Darasin Lafiyar Iyali: Yaron da Ba Ya Iya Natsuwa

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi yaran da ake kira masu ƙiriniya ko masu kunnen ƙashi. Kusan kowace unguwa a sansani tana da irinsu. A aiki yaro ɗebo ruwa, ya tsaya wasa a hanya, ya dawo babu jarka. A ce ya bi layi, ya kutsa gaba. Malam yana bayani, shi hankalinsa yana can wani wuri. An yi masa faɗa, an yi masa duka, ya yi kuka ya ce ba zai ƙara ba, kuma har zuciyarsa haka yake nufi, amma kafin gobe ya sake.

Kowane yaro yana yin haka jefi-jefi, wannan yarinta ce. Amma akwai waɗanda abin ya zame musu kullum, har yana hana su karatu da zaman lafiya da tsararsu. Wasu daga cikinsu suna da wata lalura da likitoci suka sani. Idan iyaye suka gane ta, za su rage wa kansu ɓacin rai, su kuma kare yaron daga duka, daga barin makaranta, da haɗurran da gaggawarsa ke jefa shi ciki.

Wace lalura ce?

Da Hausa za mu kira ta lalurar ƙarancin natsuwa da yawan motsi. A takardar asibiti kuna iya ganin an rubuta ADHD idan da Turanci ne, ko TDAH idan da Faransanci ne. An daɗe da saninta. Tun a shekarar 1902 wani likitan yara a Landan mai suna George Still ya yi bayani a kan yara masu irin wannan hali. Bincike daga ƙasashe da dama ya nuna cewa kimanin yara 5 cikin 100 suna da ita. Ke nan a ajin da ke da yara 60 ana iya samun kamar 3.

Tana zuwa ta fuska uku. Wani yaron motsi da gaggawa ne suka fi yawa: ba ya zama, yana hawa komai, yana katse maganar manya. Wani kuma shiru-shiru ne, amma hankalinsa ba ya tsayawa: yana mantuwa, yana ɓatar da kaya, ba ya gama aiki. Wani ya haɗa duka biyun. An fi gano ta ga yara maza. 'Yan mata sau da yawa irin ta shiru suke da ita, sai a ce da yarinya sakarya ce ko malalaciya, ba wanda ya lura tana bukatar taimako.

Kafin ma'aikacin lafiya ya ce yaro yana da ita, sai ya tabbatar da cewa alamomin sun fara kafin shekara 12, sun kai aƙalla wata 6, ana ganinsu a wurare biyu ko fiye, sun wuce na tsaransa, kuma suna kawo masa cikas na gaske.

Madugun da ke bayan goshi

A zamanin fatake, kowane ayari yana da madugu. Shi ke cewa a tsaya, shi ke riƙe da hanya a kansa, shi ke sauya hanya idan rafi ya kawo. A ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa, daidai bayan goshi, akwai sashen da ke yi wa mutum irin wannan jagora. Manyan ayyukansa uku ne.

Na farko, tsayawa kafin aikatawa. Yaro ya ga ƙwallo ta gangara kan hanya, ƙafarsa tana son bi, sai wani abu a kansa ya ce dakata, duba mota. Wannan dakatawar ta daƙiƙa ɗaya ita ce ke yi wa yaro mai lalurar wuya. Hannunsa da bakinsa suna riga tunaninsa.

Na biyu, riƙe abu a ka yayin da ake aiki da shi. Idan aka ce masa ya ɗebo ruwa, ya biya ya karɓo rariya, ya kira ƙaninsa, dole ya riƙe abu uku yana tafiya. Yaro mai lalurar yana fita da ukun, akuya ta gifta, biyu su zube. Idan ya ce ya manta, gaskiya ya faɗa.

Na uku, sauya hanya. Barin wasa a koma cin abinci, ko karɓar cewa abin da aka shirya ya fasa, yana bukatar ƙwaƙwalwa ta saki abu ɗaya ta kama wani. Idan wannan ya yi nauyi, sai a ga kuka da birgima a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Daga waɗannan ukun ne ake samun iya tsara aiki, da fara shi ba tare da an yi ta tuni ba, da sanin tafiyar lokaci, da danne fushi. Wannan sashe shi ne na ƙarshe wajen gama girma, ga kowa ma sai an haura shekara 20. A shekarar 2007, masu bincike a Amurka sun kwatanta hotunan ƙwaƙwalwar yara sama da 400, suka ga cewa a yara masu lalurar girman ɓawon ƙwaƙwalwa yana bin hanyar da ta saba, amma yana jinkiri da kimanin shekara 3, kuma jinkirin ya fi yawa a ɓangaren gaba. Shi ya sa za ku ga ɗan shekara 10 mai wayo da iya magana, amma wajen kame kansa kamar ƙaninsa.

Ku riƙe wannan, domin shi ne ginshiƙin darasin: yaron ya san doka. Abin da ke yi masa wuya shi ne aiki da abin da ya sani a daidai lokacin da ake bukata. Lalurar ba ta rage basira.

"To ai yana natsuwa idan wasa ne"

Iyaye da yawa suna faɗin haka. Yaron da ba ya iya minti 10 a kan karatu yana iya shafe awa guda yana ƙera motar gwangwani ko kallon bidiyo a waya. Dalili shi ne natsuwa iri biyu ce. Akwai wadda abu ke jawowa da kansa saboda sabo ne ko yana da daɗi. Wannan ba ta bukatar madugu. Akwai kuma wadda mutum ke ɗora wa kansa a kan abin da babu daɗi amma ya zama dole, kamar kwafar rubutu ko jiran layi. Ta biyun ce mai rauni. Haka kuma ladan da ke nesa ba ya jan irin wannan yaro. "Idan ka ci jarrabawa" ya yi masa nisa. "Idan ka gama layi biyun nan" shi ne daidai shi.

Daga ina take zuwa?

Gado ne ke da kaso mafi girma. Sau da yawa idan aka duba za a tarar uba, ko uwa, ko kawu ya yi irin wannan ƙuruciya. Haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi lokacin haihuwa suna ƙara yiwuwarta. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya barin yaro da raunin natsuwa. Haka ma gubar dalma. Iyalan da suka fito daga Zamfara sun san abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ƙurar dutsen zinare mai dalma ta hallaka ɗaruruwan yara. Idan yaronku ya zauna inda ake niƙa irin wannan dutse, ku gaya wa ma'aikacin lafiya. Wani kwallin ma yana da dalma, don haka kada a sa wa ƙananan yara.

Shan sukari ba ya kawo ta, ba a ɗaukarta daga wani yaron, kuma ba alamar uwa ta kasa tarbiyya ba ce. Ba sammu ba ce, ba kuma shafar aljanu ba. Kada a ɗaure yaro, ko a yi masa hayaƙi, ko tsaga, da sunan magani.

Abubuwan da ke kama da ita

A zaman gudun hijira wannan sashe yana da muhimmanci ƙwarai, domin abubuwa da yawa suna hana yaro natsuwa, kuma kowanne da maganinsa.

Firgici. Yaron da ya ji harbi, ya ga an ƙona gari, ko ya rabu da wani nasa, jikinsa yana zama cikin shirin gudu. Ƙaramin ƙara yana razana shi, yana mugayen mafarkai, yana manne wa uwa, wani ya koma fitsarin kwance. Irin wannan ba ya iya sauraron malam domin kunnensa yana gadi. Tambayar da za ku yi wa kanku ita ce: haka yake tun muna gida, ko bayan abin da ya faru ne ya sauya? Idan da can yaro ne natsattse, an fi zaton firgici ne. Yaro ɗaya kuma yana iya haɗa biyun.

Yunwa, ƙarancin jini da tsutsar ciki. Duk suna sa kasala da raunin natsuwa, kuma ana iya dubawa a asibitin sansani.

Ƙarancin barci. Yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12. Yaron da bai ƙoshi da barci ba sau da yawa rigima da tsalle-tsalle yake ƙarawa.

Kunne da ido. Wanda kunnensa ke ruwa, ko ba ya hango allo, za a ɗauka ba ya kula ne.

Wata irin farfaɗiya. Yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙu, ko an kira shi ko an taɓa shi ba ya amsawa, sannan ya ci gaba kamar ba abin da ya faru. Wannan a kai shi asibiti, akwai magani.

Harshen makaranta. Yaron da aka sa a ajin da ake koyarwa da Faransanci ko Turanci bai iya ba, ko wanda ya yi shekaru ba ya zuwa makaranta, dole hankalinsa ya tafi.

Abin da za ku yi a gida

Tunda madugun cikin kansa bai gama girma ba, ku ne za ku yi masa jagora daga waje har nasa ya yi ƙarfi. Hanyoyin nan ba sa bukatar kuɗi, kuma suna amfanar yaron da firgici ke damu ma.

1. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya. Ku matso kusa, ku kira sunansa, ku bari ya dube ku. "Ɗebo ruwa a famfo. Me na ce?" Ya amsa, "In ɗebo ruwa, Inna." Idan ya dawo, sannan a ba shi na biyu. Kira daga nesa iska ke ɗauka.

2. Ku faɗi abin da kuke so ya yi. "Zauna a tabarma" ya fi "daina ƙiriniya" amfani, domin ya nuna masa inda zai sa jikinsa.

3. Tsarin yini iri ɗaya kullum: tashi, wanke fuska, karin kumallo, makaranta, wasa, abinci, barci. Ku ɗaure kowanne da abin da ake ji ko ake gani, kamar kiran salla, ƙararrawar makaranta ko faɗuwar rana.

4. Abin da yake mantawa, ku sa shi inda ido zai gani. Ku zana ayyukan safe da gawayi a kwali ku rataye a ƙofar tanti. Jaka da takalmi da fensir su kasance da wuri ɗaya da ba ya sauyawa.

5. Ku gutsuttsura aiki. Minti 10 na karatu, ya tashi ya zagaya, ya dawo. Maimakon "share gida", a ce "share daga nan zuwa bakin murhu".

6. Yabo nan take, tare da faɗin abin da ya yi. "Madalla, ka jira har na gama magana." Irin wannan yaro yana shan faɗa daga safe zuwa dare, har ya ɗauka shi ba ya iya abin kirki. Kuna iya jefa tsakuwa a gwangwani duk sanda ya cika abu ɗaya da kuka zaɓa. Idan ta kai 5, ya sami lada a ranar, kamar tatsuniyar da ya zaɓa ko rakiyar Baba kasuwa. Kada a cire tsakuwar da ya riga ya samu.

7. Sanarwa kafin sauyi. "Idan na sauke tukunya, wasa ya ƙare." Ku sake tuna masa sau ɗaya kafin lokacin.

8. Ku ba jikinsa aiki. Ƙwallo, langa, tsere, da aiken da ya dace da ƙarfinsa. Idan akwai filin wasan yara a sansani, ya riƙa zuwa. Hana shi wasa a matsayin hukunci yana ƙara rigimar ne.

9. Minti 10 naku ku biyu kowace rana, ba faɗa ba gyara. Ya zaɓi abin da za ku yi. Yaron da ya san ana sonsa ya fi saurin jin magana.

10. Hukunci gajere, nan take, wanda ya sani tun da farko. Misali ya zauna gefe inda kuke ganinsa, kamar minti ɗaya ga kowace shekararsa, ko ya gyara abin da ya ɓata. Idan ya ƙare, ya ƙare. Kada a hana shi abinci.

Kada ku ɗauki goman a rana ɗaya. Ku fara da biyu, ku riƙe su mako biyu ko uku. Uwa da uba da kaka da yayye su daidaita a kan doka ɗaya.

Batun duka

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma mai tanƙwara icce a hankali yake bi, yana kafa masa abin jingina. Wanda ya yi da ƙarfi karyawa yake yi. Duka yana tsayar da yaro na ɗan lokaci saboda tsoro, amma ba ya ƙara masa ikon tunawa ko dakatawa. Abin da yake koya masa shi ne ƙarya, ɓuya, da dukan na ƙasa da shi. Ga yaron da ya riga ya ga tashin hankali kuwa, duka fama ciwo ne. Idan kun ji ranku ya kai wuya, ku fita waje, ku sha ruwa, ku bar wani babba ya kula da shi na ɗan lokaci. Ku ma kuna ɗauke da nauyi mai yawa, kuma masu ba da shawara a sansani suna sauraron iyaye.

Kariya daga haɗari

Yara masu wannan lalura sun fi sauran yawan jin rauni. Ku kange murhu da ruwan zafi. Ku ɓoye ashana, wuƙa, kananzir da magunguna inda hannunsa ba ya kai. Kada ya je rijiya, tafki ko neman itace shi kaɗai, kada kuma a bar masa jariri ko wuta ya kula da su. A ranar rabon abinci, lokacin da manyan motoci ke shigowa, ku riƙe hannunsa, ku ba shi aiki kamar riƙe buhu, ko ku bar shi wurin maƙwabciya. Ku yi ta nanata masa cewa idan ya ga baƙon ƙarfe a daji, kada ya taɓa, ya gaya wa babba.

A makaranta

Ku je ku ga malam tun kafin a kira ku, na boko da na allo duka. Ku roƙe shi ya zaunar da yaron gaba, nesa da ƙofa. Ya riƙa ba shi aiki kaɗan-kaɗan yana dubawa. Ya sa shi ayyukan da ke bukatar tashi, kamar goge allo ko raba littattafai. Su kuma yi wata alama tsakaninsu, kamar taɓa kafaɗa, maimakon kiran sunansa da tsawa a gaban yara. Kada ku cire shi daga makaranta. Zama babu karatu ya fi jefa shi cikin miyagun abokai da shaye-shaye idan ya tasa.

Akwai magani?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara da koya wa iyaye da malamai irin hanyoyin da muka lissafa. Akwai ƙwaya mai suna metilfenidet da ke rage alamomin ga yara da yawa daga shekara 6 zuwa sama, amma ba ta kawar da lalurar, ba a samunta ko'ina, kuma ƙwararren likita ne kaɗai ke rubuta ta yana bin lafiyar yaron. Kada ku sayi maganin barci, maganin tari ko tiramadol a hannun masu talla don yaro ya yi shiru. Suna iya sa shi suma, su danne numfashinsa, ko su kashe shi.

Yaushe za a je asibiti?

Ku je idan halin ya daɗe, ana ganinsa a gida da makaranta, kuma yana hana shi karatu ko abota. Ku tafi da katin lafiyarsa, da wanda ya san shi tun yana ƙarami, da abin da malam ya lura. Ku faɗi yadda aka haife shi, ciwon da ya taɓa yi, da abin da ya gani a hanya. Ku je a ranar idan yana suma ko jijjiga, idan ya sha wani abu mai guba, idan halinsa ya sauya farat ɗaya bayan zazzaɓi ko buguwa a kai, ko yana maganar cutar da kansa.

Yawan motsin yakan ragu idan yaro ya girma, ko da yake mantuwa da wahalar tsara aiki suna bin mutane da yawa har girmansu. Da taimako, irin waɗannan yara suna karatu, suna koyon sana'a, suna riƙe gida. Kuzarin da ke gajiyar da ku yau, shi ne zai amfane su a gona, a kasuwa ko wajen ƙira.

Aikin wannan mako

1. Ku zaɓi hali ɗaya kawai da kuke son ya gyaru. A wane lokaci na yini ya fi faruwa, kuma me ke zuwa kafinsa?
2. Ku gwada umarni ɗaya-ɗaya na kwana 7, ku ga bambanci.
3. Kowace rana ku nemo abu uku da ya yi daidai, ku gaya masa.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa, a kuma tattauna a taron mata da na iyaye maza. Mai tambaya ya tuntuɓi ma'aikatan lafiya na unguwarsa ko ma'aikatan kare yara.